Abin da Za Ku Zuba wa Kunnenku

'Ya'yana, samari da 'yan matan Tudun Wada ta Gusau, da 'yan uwanku na Tsafe da Bunguɗu, maganar kunne ce ta kawo ni.

Duk mai zaga gari da ido buɗe ya san karatun hikaya ya tashi daga takarda ya koma cikin waya, kuma ko a wayar ma ido ya fara sallama wa kunne. Tela na taka keke, wayarsa na jingine da gwangwanin allurai tana ba shi labarin yaƙin sadaukai. Yarinya na wanke-wanke a tsakar gida, ta jefa wayarta cikin kwanon silba don sauti ya ƙara tashi, wata murya na karanta mata kashi na 47 na wani littafin soyayya, ƙannenta sun yi tsit a gindin turmi suna nuna ba su ji, alhali ko kalma ɗaya ba ta wuce su ba. A rumfar mai caji kuwa, cikin kasuwa, bayan fina-finai da waƙoƙi akwai wani kaso na littattafai da wa'azi. Ka miƙa memori, ka ba da 'yan canji, a cika maka.

Akwai dattawan da ke ganin wannan lalaci ne, wai yaran yanzu ba sa iya buɗe littafi sai an karanta musu. Ban bi su a nan ba. Mu mutanen kunne ne tun asali, kuma kunne ya girmi kaka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekara 5 a ƙasar Zamfara yana wa'azi, tun kafin jihadi, kuma mafi yawan waɗanda suka taru a gabansa ba littafi suka riƙe ba, zama suka yi suka kasa kunne. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara ilimi cikin waƙoƙi, ta naɗa jajoji da malfa, su kuma suka riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace, su koma gida su rera wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai taɓa ganin shafin waƙarsa ta Imfiraji da idonsa ba, amma waƙar ta shiga lungu da saƙo ta bakin almajirai da rediyo. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan Gummi a nan jiharmu, yawancin waɗanda suka san shi ta Rediyon Kaduna suka san shi, daga tafsirin masallacin Sultan Bello. Iyayenku kuma sun ji littattafan hikaya a shirye-shiryen rediyo irin su Shafa Labari Shuni da Rai Dangin Goro, ana yanke musu labari daidai inda ya yi daɗi, su yi ta jiran mako ya zagayo.

Turawa ma da suka ƙirƙiro na'urar, da makafi suka fara. Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877, kuma cikin amfanin da ya lissafa mata tun da wuri har da karanta wa marasa gani littafi. A shekarun 1930 aka fara buga littattafai a faifan garmaho a Amurka da Ingila, domin makafi, ciki har da sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai daga baya masu ido suka gane abin na da daɗi, ya zama kasuwa. Kamfanin Audible ya tashi a 1995, Amazon ya saye shi a 2008.

To, sauraro ba aibi ba ne. Abin da nake jiye muku shi ne abin da ake zuba muku.

Ku dubi makarantar zaure, wadda wasunku har yanzu ke zuwa bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Iziyya ko Risala ya ja baƙi, malam ya fassara, sauran ɗalibai goma suna gefe suna ƙaruwa da darasin da ba nasu ba. Ai wannan littafin sauraro ne. Amma a zauren nan an san sunan littafin, an san mai littafin, an san malamin da ke karantarwa da wanda ya karantar da shi. Kuma daga bango ake farawa a kai bango, ba a tsallake babi don ya yi tsauri. Yanzu ku buɗe abin da aka tura muku a memori. Sunan fayil ɗin lamba ce kawai, ko wani suna da mai turawa ya ga dama ya sa. Ba sunan marubuci, ba a san mai muryar ba, kashi na 12 ya ɓace, na 30 an maimaita shi sau biyu. Wanda ya karɓi wannan ya yi kama da wanda ya sayi buhun gero a kasuwar Tsafe bai sa hannu ya ɗebo ya duba ba, sai an kai gida a ga rabinsa tsakuwa. Saboda haka kafin ku ba wata murya awa 20 ta rayuwarku, ku tambayi sunan littafin, da wanda ya rubuta shi, da wanda ke karantawa. Idan ba amsa, ku wuce.

Yanzu bari in gaya muku abin da zan so ku nema. Na san sabo kuke so, zan kuma zo kansa, amma wanda ba ka taɓa ji ba sabo ne a wurinka ko da ya girmi kakanka.

Ku fara da littattafan gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya a ofishin fassara na Zariya. Akwai abin da na daɗe da lura da shi game da su, wanda ya sa suka fi kowane littafi dacewa da kunne: marubutansu sun sa mai ba da labari da masu sauraro a cikin littafin kansa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam zaune yake yana ba Koje Sarkin Labari da jama'a labarin yawonsa da yadda suka yi ta cutar juna da Malam Zurƙe. A Ganɗoki na Bello Kagara, tsohon mayaƙi ne yara suka kewaye yana ba su labarin karonsa da Turawa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami ne almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya kwashe labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka ratsa hamada da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare. Mutanen nan sun san jama'arsu ba su saba da karatun zuci ba, sun san mutum ɗaya ne zai riƙe littafin a dandali goma su saurara, sai suka rubuta yadda baki zai ji daɗin faɗa. Duk wanda ya karanta muku su da murya, mayar da su ya yi inda suka fito.

Shaihu Umar kam ina roƙonku kada ku saurare shi kuna hira. Mu da muke zaune a ƙasar da ake ɗauke mutum daga gonarsa a shiga daji da shi, uwa ta sayar da abin da ta mallaka tana neman ɗanta, ba ma buƙatar a yi mana bayanin littafin nan. An rubuta shi a kan zamanin cinikin bayi, amma idan kuka ji shi da dare, kuka kuma tuna hanyar da ta ratsa Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa, za ku ji kamar jiya aka rubuta.

Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku daga 1937, shi ne sarkin littattafan sauraro, kuma an karanta shi da murya ba sau ɗaya ba, kuna iya samu a YouTube. Aku ne ke riƙe da Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Imam ya ɗebo labaran daga wurare da yawa, na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Abin da za ku samu a nan ba dariya kaɗai ba ce. Hausa za ku samu, irin wadda ke ƙoƙarin ɓace muku: yadda ake gaida sarki, yadda ake yi wa mutum ba'a ba tare da an zage shi ba, yadda jimla ke tafiya ta yi kwana ta dawo ta zauna daram. Idan kun samu mai karatu biyu, ku zaɓi wanda ba ya gaggawa, wanda ya san inda ake tsayawa a ja numfashi. Kuma ku guji muryar na'ura, wadda wasu suka fara amfani da ita don gudun biyan mai karatu. Hausa harshe ne mai karin sauti, na'urar kuwa sau da yawa tana shimfiɗe shi ta daidaita tudu da kwari, yaro ya ji ya ɗauka haka ake faɗa.

Daga nan ku gangaro. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo labarin saurayi ne da ya raina ƙauye ya tafi birni, birni ya koya masa abin da ba a koya a gida. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, ya bi wani da ya dawo daga yaƙin basasa da sanin bindiga da ƙwaya, ya tara 'yan ta'adda ya zama annoba. Shekara 40 da ɗoriya ke nan da rubuta shi, ku saurara ku gaya mini ko marubucin bai hango wani abu ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci. Ga kuma Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, wanda ya kamata duk mai shirin kaɗa ƙuri'arsa ta farko ya ji.

'Yan mata, akwai naku na musamman, kuma na gida ne. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, kuma ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Marubuciyar ta daɗe zaune a nan Gusau. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta tsaya kan wanda take so duk da ba ɗan ƙabilarta ba ne. Bayansa ku nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kore ta da 'ya'ya don ya auro wata, ta tashi ta riƙe gidanta da sana'a. Har Indiya aka buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ma yana nan. Waɗannan su ne iyayen littattafan da kuke saurare yau, kuma idan kun ji su za ku samu ma'aunin da za ku auna 'ya'yan.

Ga sabo kuma. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, kuma labaran da suka yi fice ana karanta su a rediyo, ana ajiye su a shafinsu. Wanda ya fara lashewa shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. A shekara ta biyu Maimuna Idris Sani Beli ta ci da Bai Kai Zuci Ba. A 2022 kambun ya tsallaka Maraɗi, wurin Amira Souley da labarinta Garar Biki. Ina son waɗannan saboda dalilai biyu. Alƙalai sun tace su, masu karatun kuma sun san aikinsu. Sannan gajeru ne, kafin a gama tuƙa tuwo an kai ƙarshe, amma sai mutum ya kwana yana juya su. Cibiyar Gusau da ke Kaduna, wadda Janar Aliyu Mohammed Gusau ya kafa, ita ma tana shirya gasar marubutan Hausa, kuma sunayen da ke fitowa daga irin waɗannan gasa su ne ya kamata ku riƙa bi.

Sauran kuwa, wato dogayen littattafan da ake rubutawa a waya kullum shafi-shafi, a watsa a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, wasu kuma su karanta su a YouTube, ba zan yi musu kuɗin goro ba. Akwai masu baiwa ƙwarai a cikin marubutan, mata matasa da ke faɗar abin da ke faruwa a ɗakunan aure wanda ba mai faɗarsa a kan mumbari. Na yaƙi da sadaukai irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini su ma suna da masoyansu, kuma ba laifi saurayi ya huta da su. Amma tsarin kasuwar yana da illa. Tashar da ake biyanta gwargwadon daɗewar da kuka yi a kanta ba ta son labari ya ƙare, don haka ake jan abin da bai wuce awa 3 ba har ya kai kashi 90. Kullum attajiri ne matashi mai girman kai, kullum 'yar talaka ce fara mai dogon gashi, kullum uwar miji ce ke bin boka. Wasu kuma batsa ce tsagwaronta aka lulluɓe da sunan koyar da zaman aure. A takarda mai karatu kaɗai ke ganin abin, a lasifika kuwa har yaron da ke gindin turmi ya samu rabonsa. Gwajin da nake ba ku mai sauƙi ne: idan mahaifiyarki ta shigo kika yi wuf kika rage sauti, to kin riga kin yanke wa littafin hukunci da kanki.

Ɓangaren da ba na hikaya ba, nan ne muke da rata, kuma nan ne kuka fi buƙata.

Abin da muka fi wadata da shi karatun malamai ne. Tafsirin Shaihu Gumi, da na Shaihu Nasiru Kabara, da na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, da na Malam Isa Waziri, da na Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, duk suna nan a naɗe, daga kaset sun koma memori. Ba ni zan zaɓa muku malami ba, wannan tsakaninku ne da iyayenku. Abin da zan ce shi ne ku bi littafi, kada ku bi guntu. Bambanci ne babba tsakanin wanda ya saurari Arba'una Hadisi na Nawawi daga na farko har na ƙarshe, ko Ashafa ta Alƙali Iyali, ko tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga littafin Ar-Rahiƙul Makhtum, da wanda ke rayuwa a kan guntayen minti biyu na TikTok inda wannan malami ke mayar wa wancan martani. Na farkon yana fitowa da sanyin hali, na biyun yana fitowa da jijiyar wuya. Kuma karatun waya ba ya tsayawa ka yi masa tambaya. Abin da ya shige maka duhu ka rubuta shi, ka kai wa malamin unguwarku.

Na tarihi da tafiye-tafiye, akwai Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Abubakar Imam Ingila a 1943 ana tsakiyar yaƙi, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, da Kano ta Dabo Cigari na Abubakar Dokaji. Akwai kuma labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya da ta zauna a 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta tun kafin zuwan Turawa: harin masu kamun bayi, aure da saki, ƙawance, bori, goyon 'ya'yan wasu. Da baki aka haifi littafin nan, aka buga shi da Ingilishi a 1954, daga baya aka fitar da Hausarsa. Ban san wani littafi da ya kai shi nuna yadda kakannin kakanninku mata suka rayu ba. Idan kuma kuna son abin zamani a taƙaice, Sashen Hausa na DW yana da Ji Ka Ƙaru, wasannin kwaikwayo na rediyo a kan lafiya da sana'a da siyasa da muhalli, an yi su ne domin matasa irinku.

Masu jin Ingilishi, ko masu son su ji, ku ne kuka fi kowa sa'a. Akwai LibriVox, wanda aka kafa a 2005, inda 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta, ba ko kwabo. A can za ku samu labarin Frederick Douglass na 1845, bawan da ya koya wa kansa karatu a ɓoye a Amurka har ya tsere, da na Olaudah Equiano na 1789, wanda ya ba da labarin yadda aka kama shi yana yaro a wannan yanki namu na Afirka ta Yamma. Na kuɗi kuwa, Born a Crime na Trevor Noah ya fi daɗi a kunne fiye da a takarda, don shi da kansa ya karanta, yana juya harshe daga na mahaifiyarsa zuwa na 'yan unguwa, yana ba da labarin tasowarsa a Afirka ta Kudu, inda aka haife shi lokacin da haɗuwar iyayensa, baƙa da Bature, laifi ce a doka. Akwai Long Walk to Freedom na Mandela, akwai Things Fall Apart na Chinua Achebe. Littafin Chimamanda Adichie, Dream Count, ya fito a Maris 2025 tare da na saurarensa, sai dai na manya ne. Dabara ɗaya ga 'yan makaranta: ku riƙe littafin a hannu, murya na karantawa kuna bi da yatsa. Kalmomin da kuka daɗe kuna gani ba ku san yadda ake furta su ba, nan za su warware, kuma za ku ga amfaninsa ranar jarrabawa.

Wannan ya kawo ni kan abin da kunne ba ya iyawa. Ba ya koya maka rubutu. Mai sauraro zalla zai iya zuba Hausa kamar ruwa, amma ka ba shi biro ya rasa inda ake raba kalma da inda ake sa ƙugiya. Lissafi da kimiyya da duk abin da ke da jadawali, sai ido. Kuma hankali na sulalewa, mutum ya farga an yi minti 10 ana karatu shi yana tunanin bashin da ake binsa. Maganin wannan tsoho ne, a zaure ake yinsa: biyawa. Idan ka gama babi, ka kashe wayar, ka ba wani labarin abin da ka ji, ko ƙanenka ko abokin aikinka a shago. Abin da ka kasa maimaitawa ba ka ji shi ba, wucewa ya yi ta gefenka.

Wasu 'yan abubuwa kuma a gurguje. Ku riƙa saukewa ku ajiye. Ba ku manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, har mutane na tafiya Funtuwa don su buga waya. A makonnin nan wanda ke da abu a memori shi ne mai ɗakin karatu. Ga data ta ƙara tsada tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, murya zalla kuwa awa guda ba ta cika wuce megabait 30 ba, bidiyo na cin ninkin haka sau da yawa a kan hoto ɗaya da ba ya motsi. Ku kula da dodon kunnenku, Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada sauti ya wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'urar. Mai tuƙa Keke Napep ko babur kada ya toshe kunne biyu. Haka mai zuwa gona, haka matafiyi a hanyar Bunguɗu da Maru. A wannan zamani namu kunne ɗaya na labari ne, ɗayan na hanya.

Sai maganar haƙƙi, wadda na san ba ku son ji. Yarinya ta kwana tana buga littafi da babban yatsa, ta sa masa ɗan kuɗi kaɗan, wani ya saya sau ɗaya ya karanta a tasharsa ya kwashi kuɗin talla, ko sunanta bai ambata ba. Ku kuma ku tura wa juna ta Xender kuna sa masa albarka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ba marubuci iko a kan aikinsa har shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma yi sassauci domin a mayar wa makafi littafi yadda za su amfana. Amma ko babu doka, kun san hukuncin cin gumin wani. Idan marubuciya ta ce a biya, ku biya, bai kai kuɗin katin da kuke ƙonawa a kallon rawa ba. Ku fifita tashar da ke faɗin cewa da izinin mai littafi take karantawa.

Za ku nemi wasu daga cikin littattafan da na lissafa ku tarar ba wanda ya karanta su da murya, musamman na tarihi da na ilimi. To ga aiki ya same ku. Garin nan Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, kuma akwai littafi mai suna Gusau ta Malam Sambo. 'Yandoto, kusa da Tsafe, cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, irin su Salihu Jankiɗi na Rawayya da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo da Kassu Zurmi. Nawa ne daga cikinku suka san abin da ke cikin waɗannan littattafai? A kowace unguwa akwai tsoho da idonsa ya yi rauni, akwai makaho, akwai uwar da ba ta yi boko ba amma ta fi ku son labari. Ku kuma ga ku nan da murya, da waya, da ɗaliban Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojin ilimi waɗanda suka san ƙa'idar karatu.

Abin da ake buƙata bai da yawa. Idan don gidanku ne, ku zauna ku karanta wa kaka ido da ido. Idan za ku watsa wa duniya, ku fara neman izinin marubucin ko magadansa ko kamfanin da ya buga, a rubuce. Ku sami ɗaki mai labule da katifa, don su ke shanye amsa-kuwwa, ku zaɓi lokacin da janareton maƙwabta ya yi shiru. Ku karanta shafin sau biyu a zuci kafin ku danna naɗi, ku tambayi dattijo yadda ake furta sunayen garuruwa da sarautun da ba ku sani ba. Wayar ta tsaya kamar taƙi ɗaya daga bakinku. Kowane babi fayil ɗinsa daban, da lambarsa a jere. Kuma kafin kalmar farko ta littafin, ku faɗi sunansa, da sunan wanda ya rubuta shi, da shekarar da aka buga shi, da naku sunan.